Wutar da Ke Ɓoye Cikin Kashin Shanu

Duk wanda ya zauna a Gaya, inda gada ta ƙetare kogin Kwara zuwa Malanbil, ya ga yadda amalanke ke shigowa da itacen girki kullum safiya, alhali ga kashin shanu da tattakar shinkafa jibge a bayan gari ana ƙyamarsu, lalle ya tambayi kansa ko Allah Maɗaukakin Sarki Ya halicci wani abu a banza.

Masana sun tabbatar cewa idan aka dama kashin shanu da ruwa, aka rufe shi cikin rami yadda iska ba ta shiga, waɗansu halittu da ido ba ya gani za su ci shi, su fitar da iskar gas wadda ke kama wuta, saura kuma ya zama taki. Ramin nan tamkar tumbin saniya yake, domin idan tsami ya yi masa yawa sai halittun su kasa aiki. Saboda haka, kamar yadda makiyayi ke ba garkensa kanwa, haka ake zuba wa ramin 'yar toka ta kashe tsamin, da garin gawayi halittun su sami wurin maƙalewa, da tsatsar ƙarfe ta rage wari.

To, shin ya halatta Musulmi ya dafa tuwonsa da wutar da ta fito daga ƙazanta? A mazhabar Imamu Malik, kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne, muddin ba najasa take ci ba. Sa'an nan Muhtasar na Shehu Halil ya lissafa giyar da ta rikiɗe ta zama khalli cikin abubuwa masu tsarki, ko da hannun mutum ne ya rikiɗar da ita. Ashe hukunci yana bin halin da abu ya koma, kuma taimaka wa halitta da sababi ba ya warware tawakkali.

Sai dai sababin yana da mizani, gama tokar da ta gyara ramin, in ta wuce kima, ita ce za ta kashe shi. Wanda ya kiyaye wannan awo ya hutar da itatuwan yankin Gaya daga gatari, ya raba idon matarsa da hayaƙi, ya kuma fita daga sahun almubazzarai da tokar murhunsa ta jiya.