Alheri Ba Ya Shiga Kabari



Idan tsoho ya rasu mukan ce ya ci zamaninsa. Idan yaro ne kuwa, baki yakan yi nauyi, domin a ganinmu bai kai ga yin komai ba tukuna. Amma Littafin Hikima, sura 4, yana koya mana cewa ba yawan shekaru ko furfura Allah yake dubawa ba. Rayuwa mai tsarki ita ce tsufa a wurinsa.

Mu dubi Carlo Acutis. An haife shi a Landan ranar 3 ga Mayu, 1991, ya girma a birnin Milan na ƙasar Italiya. Iyayensa masu hali ne, amma ba su damu da zuwa coci ba. Yana da shekara 7 ya karɓi Jibin Ubangiji na farko, daga nan ya riƙe zuwa Misa kullum. Abin da ya karɓa a bagade kuwa bai bar shi a bakin coci ba. Da ɗan kuɗin da ake ba shi yakan sayi abin shimfiɗa ga masu kwana a titi, yakan kuma kai musu abinci. A makaranta yakan tsaya wa yaran da ake cin zalinsu. Wani ma'aikacin gidansu, mutumin Mauritius mabiyin addinin Hindu, ya nemi baftisma saboda halin yaron nan.

A watan Oktoba na 2006 cutar sankarar jini ta kwantar da shi. Ya miƙa wahalarsa domin Paparoma da Ikilisiya, ya rasu ranar 12 ga watan a wani asibiti a Monza, yana da shekara 15. Ranar jana'izarsa coci ya cika da matalauta da baƙin da suka zo ci-rani, waɗanda mahaifiyarsa ba ta taɓa gani ba. A ranar ta san abin da ɗanta yake yi ba tare da shela ba. Ita da kanta ta shaida cewa ta wurinsa ta komo ga bangaskiya. A 2020 Ikilisiya ta ambace shi Mai Albarka a Assisi, inda gawarsa take kwance, ranar 7 ga Satumba, 2025 kuma Paparoma Leo na 14 ya sa shi cikin tsarkaka.

Bahaushe ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ku tuna da yaron da ke cikin Bisharar Yohanna, sura 6. Gurasa 5 da kifi 2 kaɗai ke hannunsa, ko sunansa ba a rubuta ba, amma da ya sake su ga Yesu, mutum wajen 5,000 suka ƙoshi.

Ku iyayen da kuka binne 'ya'yanku, Ikilisiya ba ta hana ku kuka ba, Yesu ma ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Ba sai an sa ɗanku cikin jerin tsarkaka ba kafin Allah ya san ƙosan da ya raba da abokinsa, da ruwan da ta ɗebo wa tsohuwar maƙwabciya. Ku ɗauki wannan alheri ku ci gaba da shi, gādon da suka bar muku ke nan.

Ku kuma da naku ke raye, idan yaro ya ba mai yunwa abincinsa, kada a tare shi da faɗa cewa ya yi ɓarna. A yabe shi, a kuma ƙara masa abin da zai bayar.

Waliyyi Carlo, ka yi addu'a domin 'ya'yanmu. Amin.