Mai Nauyin Baki Ma Yana da Saƙo

A kusan kowace ikilisiya akwai mai bin da ya san Littafi Mai Tsarki sarai, yana kuma da shaida mai daɗin ji, amma ranar da aka ce ya tashi ya karanta nassi, sai gwiwa ta yi sanyi, yawu ya ƙafe, takarda ta kama rawa a hannunsa. Waɗansu har sukan ƙi zuwa sujada a ranar da suka san sunansu yana cikin tsari. Hasarar ba tasu kaɗai ba ce. A ikilisiyoyin ƙauye, inda fasto ɗaya yake kula da majami'u da yawa, in mutum biyun da suka saba tsayawa ba su nan, sai a raira waƙa a watse ba a ji Maganar Allah ba.

Wannan tsoro ba alamar rashin bangaskiya ba ne. Musa yana da shekara wajen 80 sa'ad da Ubangiji ya aike shi wurin Fir'auna, duk da haka ya kawo hujja cewa bakinsa da harshensa suna da nauyi (Fitowa 4:10). Abin lura shi ne yadda Allah ya bi da shi. Ya yi fushi da yawan hujjojinsa, gaskiya ne, amma bai tura shi shi kaɗai ba; ya haɗa shi da wansa Haruna, su tsaya tare. Bayan shekara 40, mutumin nan ne ya tsaya a filayen Mowab ya yi wa dukan Isra'ila dogayen jawaban da suka cika littafin Maimaitawar Shari'a. Harshen ya saki ne a cikin aiki, da ɗan'uwa a gefe.

Haka Ubangiji Yesu ya aiki almajiransa biyu biyu, suka komo suka ba shi labarin abin da suka yi da abin da suka koyar (Markus 6:7, 30). Afolos kuwa, gwanin magana ne, amma da Bilkisu da Akila suka ga gibi a koyarwarsa, gefe suka ja shi suka daidaita masa, ba su kunyata shi a gaban jama'a ba (Ayyukan Manzanni 18:26).

A kan wannan gurbi ya kamata Zumuntar Mata da Zumuntar Matasa su kafa ƙananan ƙungiyoyin gwaji. Mutum biyar ko shida sun isa. In sun yi yawa, mai kunya zai sake ɓuya a baya. Su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, kowa ya tashi tsaye ya karanta ayoyi kaɗan da murya mai ƙarfi, daga baya ya ba da shaida ta minti biyu ba tare da takarda ba. Sauran su fara faɗin abin da ya yi daidai, sa'an nan su nuna gyara ɗaya tak. Faɗuwar gaba ba ta gushewa da ƙarfin hali na rana ɗaya. Jiki ne yake sabawa a hankali, in ya tsaya sau da yawa ya ga ba abin da ya same shi. Dattijon da ya daɗe yana wa'azi zai iya zama tare da su, muddin zai iya kame bakinsa, gama ba wa'azinsa aka zo ji ba.

Ƙungiya ta fari dai tana cikin gida. A lokacin addu'ar yamma, uba ya miƙa wa yaro Littafin ya karanta, uwa ta ba 'yarta zarafin yin addu'a. In yaro ya yi tuntuɓe a kan suna irin Nebukadnezzar, kada yayyensa su yi masa dariya. A maimaita masa sunan a hankali, a bar shi ya kai ƙarshen ayar da kansa.