Da kuɗin wa za a ceci shago?

A shekarar 2022 darajar sidi, kuɗin Gana, ta faɗi ƙwarai, tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari. A Nima da Maamobi, mai shago zai sayar da buhun shinkafa, kuɗin kuma ya kasa sayo wani. Wani lokaci shi ne mai riƙe adashin unguwa, wanda a nan ake kira susu. Zuciya takan ce masa: ara kaɗan, kasuwa za ta gyaru, ba mai sani. Amma gwauruwar da ke zuba kuɗinta kullum, wa ya tambaye ta ko ta yarda da wannan caca? In ya tara masu zubi ya faɗa musu gaskiya, wasu za su janye, watakila ma shagon ya rufe. Waɗanda suka tsaya kuwa, da saninsu suka tsaya.