Kiran Zunubi da Sunansa

Kowace Lahadi mukan durƙusa a majami'a, mu haɗa baki mu ce mu masu zunubi ne. Wannan ba ya yi wa kowa wuya, gama laifin da aka raba wa mutum ɗari ba ya nauyi a kan kowa. Abin tambaya shi ne, ya ɗan'uwa mai karatu, yaushe rabonka da ka ce, "Ni ne na yi abu kaza, ga wanda na cuta"?

A nan Nima da Maamobi, gida ɗaya yakan ƙunshi iyalai goma, bangon ɗaki kuwa ba ya riƙe asiri. Saboda haka mun fi tsoron kunya da tsoron Allah. Mu Kirista kuma 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi, sai mu riƙa rufe laifinmu wai don kada sunan Almasihu ya ɓaci. Anya sunansa muke tsarewa, ba namu ba?

A shekarar 2003 Hukumar Sulhu ta Ƙasa ta fara zama a tsohon ginin majalisa a Akara, ƙarƙashin Alƙali Amua-Sekyi. Waɗanda aka zalunta a zamanin mulkin soja suka zo suka faɗi abin da aka yi musu. Amma cikin waɗanda aka zarga, da yawa musu suka yi, wasu suka ce umarni aka ba su. Na saurari zaman a rediyo, ina ta kushe su a zuciyata.

Ashe nawa na tafe. Wata shekara ikilisiya ta ba ni ajiyar kuɗin jana'iza. Ɗana ya kwanta ciwo, na ɗiba ban gaya wa kowa ba, na ce rance ne. Wata bakwai ina koya wa masu shirin baftisma labarin Hananiya da Safiratu, ina kuma furta zunubi tare da jama'a, bakina bai taɓa sarƙewa ba. A ɓoye na roƙi Allah gafara sau da yawa, amma salama ta ƙi zuwa, domin kuɗin na gwauraye ne, su kuwa ba su sani ba.

Zakka bai tsaya ga cewa shi mai zunubi ne ba. Ya ambaci zamba, ya yi alkawarin mayarwa riɓi huɗu. Dauda ma sai da Natan ya nuna shi da yatsa.

Ranar da na tsaya gaban dattawa na faɗi adadin, gwiwoyina suna rawa. Suka karɓe ajiyar daga hannuna, har yau ba su mayar mini ba, kuma daidai ne. Na biya kaɗan kaɗan cikin shekara guda. Bayan mako biyu da furcin, wani dattijo ya ƙwanƙwasa ƙofata da dare, ya zauna, ya ce, "Malam, ni ma ina da magana."