Mun Rufe Silima a Gari, Mun Buɗe Ta a Ƙuryar Ɗaki

Maganata a kan kallon fim ce, kuma na san kafin in yi nisa wani dattijo zai ce wannan ba zancen manya ba ne. To Baba, a yi mini haƙuri. Abin da yake cinye wa 'ya'yanka rabin dare, yake koya musu yadda ake soyayya da yadda ake fushi, yake zana musu irin gidan da za su yi mafarkin shiga, ya wuce a kira shi wasan yara.

Tun fil azal zaman doya da manja muke yi da silima. A Kano, gidan silima na Rex da aka buɗe a 1937 a Sabon Gari yake, wajen ganuwa, inda mutanen birni suke ganin can ne matattarar duk abin da ba namu ba. A watan Mayun 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Fim ɗin wancan zamani da wani sinadari mai saurin kama wuta ake yin sa, jama'a kuma suka turmutse a bakin ƙofa wajen neman fita. Amma abin da ya zauna a bakin mutane shi ne, ai ga sakamakon zuwa gidan shaiɗan. Da aka zo buɗe Palace a cikin birni a 1952, sai da aka yi ta jifan masu shiga. Daga nan hukunci ya tabbata: ɗan mutunci ba ya zuwa silima, macen da aka gani a ƙofarta kuwa ta gama zubar da sunanta.

Duk da haka gidajen suna cika. Plaza, Orion, Marhaba, El Dorado, Wapa, duk wanda ya yi samartaka a Kano kafin zuwan kaset ya san su, ko da yau zai rantse bai taɓa leƙawa ba. Yawancinsu babu rufi, sai duhu ya shiga ake kunna na'ura. A waje ga masu rake da gyaɗa da tsire, ga kekuna an jingine, ga yara sun yi cirko-cirko suna kallon fasta a bango don su san yau Indiya ce ko Canis ko Kaboyi. A ciki kuwa ba a kallo da baki rufe. In bos ya laɓe bayan ƙofa, sai ka ji gida ya ɗauka, ana yi wa akto ihu ya waiwaya. In Amitabh ya shigo da tafiyar nan tasa sai tafi da fito. Har laƙabi muka raɗa musu, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Katti masu gemu sun share hawaye a fim ɗin Mother India suna fakewa da cewa hayaƙin taba ne ya shiga musu ido.

Ba ina wanke waɗancan gidaje ba ne. An sha wiwi a cikinsu, an yanki aljihu, an yi faɗan daba, yara da yawa sun saci kuɗin cefane don tikiti. Amma a lura da abu uku da suke da shi. Suna da ƙofa, kuma akwai mai tsaron ta. Suna da lokaci, fim ya ƙare kowa ya kama hanyar gida. Sannan akwai idon jama'a: abin da ka kalla, tare da ɗaruruwan mutane ka kalle shi, a hanyar komawa kuma ana musu a kansa. Wani ya ce akto ya yi daidai da ya ɗauki fansa, wani ya ce ƙarya ne, ai uwarsa ce mai gaskiya. Yaro yana tafe yana jin ra'ayi biyu a kan abu ɗaya, ba tare da ya sani ba yana koyon auna abin da idonsa ya gani.

Sai kaset ya zo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, aka shiga zamanin fim ɗin Hausa na bidiyo. Kafin ƙarshen shekarun 1990 fim ɗin Sangaya ya fito da waƙa da rawa irin na Indiya, kasuwa ta buɗe. Matan da aka hana zuwa silima, silima ta bi su har ɗaka. Daga kaset aka koma faifai, daga faifai aka koma waya. Tsoffin gidajen silima suka mutu ɗaya bayan ɗaya, muka yi hamdala muna cewa an rabu da ƙaya.

An rabu ɗin? Shiga ɗakin yaranka ƙarfe goma sha biyun dare ka gani. Fitila a kashe, kowa ya ja bargo, amma ta ƙarƙashin bargon haske yana fitowa. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ta toshe kunne da abin sauraro tana kallon abin da ba wanda ya tace, ba wanda ya san sunansa a gidan. Ɗazu da yamma ta ba ƙaninta 'yan canji ya kai wayar wurin mai turi a bakin titi, aka cika mata ita taf. Babu ƙofa, babu mai tsaro, babu lokacin tashi, kuma gobe ba wanda za ta yi musu da shi a kan abin da ta gani, domin in ta faɗa duka za ta sha. Hukumar tace finafinai ta Kano tana nan tun 2001, amma ikonta a kan fim ɗin da aka kai mata ne. Ba ta da hannu a kan mafi yawan abin da yake sauka daga YouTube da TikTok.

A nan nake so mu tsaya mu gaya wa kanmu gaskiya, ko da ɗaci. Muna zagin 'yan fim da rana, muna kallon su da dare. A 2016 gwamnatin tarayya ta ce za ta gina alƙaryar finafinai a Kofa ta jihar Kano, aikin naira biliyan uku. Aka yi ca a masallatai da kafafen sada zumunta har aka janye maganar. Masu adawa suna da hujjojinsu, wasu ma masu nauyi ne, kuma ba na raina su. Tambayata ita ce, bayan an janye, kallo ya ragu? Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya, a gidajensu ana jiran sabon zangon Labarina da Izzar So, ana kunna Arewa24 don Daɗin Kowa, ana kwana kan Indiya-Hausa ta Algaita, ga na Turkiyya da na Koriya sun shigo. Mun hana a gyara abin da muke da iko a kansa, mun miƙa idon 'ya'yanmu ga wanda bai ma san muna duniya ba.

Jin daɗin fim ba laifi ba ne. Wanda ya yi dariyar marigayi Ibro har cikinsa ya ƙulle, ko wanda ya taso da Samanja da Karkuzu da Kasimu Yero a talabijin, ba sai ya nemi gafarar kowa ba. Mu mutanen tatsuniya ne, Gizo da Ƙoƙi ne suka rene mu. Abin dubawa shi ne me ya saura a zuciya bayan an kashe kallo.

Ga misali na kusa. Uwa ce zaune a tabarma tana tsinke zogale, 'yarta na gefe, ana nuna kishiya ta faki ido tana barbaɗa magani a tuwon maigida. Uwar ba ta ko ɗago kai sosai ba ta ce, "Kin gani ko? Haka suke, duk cikinsu ba ta Allah." Shi ke nan an yi darasi. Mai fim ya kawo hoto, uwa ta buga hatimi. Yarinyar nan za ta shiga gidan miji da wannan a ranta, ta tarar da baiwar Allah da ba ta taɓa yi mata komai ba, ta fara yaƙi tun daren farko. In abin ya kai ga kotu sai mu ce zamani ne ya lalace.

Haka amarya take auna mijinta ɗan kasuwar kwari ko malamin firamare da jarumin da ba a taɓa ganin yana aiki ba, kullum yana falo mai hawa biyu da mukullin mota a hannu. Haka saurayi yake ganin talaka a kashi na farko, kafin kashi na biyar ya zama alhaji, ba a nuna guminsa ba. Mutumin ƙauye a fim kullum wawa ne, Bafulatani abin dariya, mai lalurar jiki ko mai in'ina kayan nishaɗi, baƙar mace 'yar aiki, fara kuma ita ce gimbiya. Sannan mu yi mamakin yadda man bilicin yake ƙarewa a kanti. Mu da muke tada jijiyar wuya a kan rawa da ɗamammun kaya, ban cika jin mun ce uffan a kan waɗannan ba, alhali sun fi rawa daɗewa a zuciya.

Saboda haka iyaye, ƙwace waya da fasa ta ba zai yi magani ba, gobe za a aro ta ƙawa. Ku dawo da kallo tsakar gida. Alhaji, ka sauko daga girman nan, ka zauna da iyalinka ko sau ɗaya a mako ku kalli abin da suke kallo. In an gama ka tambaya: "Ke Ummi, da ke ce a matsayinta me za ki yi? Kai Abba, wannan da kake yabo, a ina ya sami kuɗin?" Ka bar su su amsa, kada ka mai da zaman wa'azi. Za ka ji abin da yake ran ɗanka wanda shekara goma kana tambaya bai faɗa maka ba. Hajiya, ki kula da sharhin da yake fita daga bakinki lokacin kallo, domin shi yara suke haddacewa, ba maganar jarumi ba. Kuma a sa wa kallo lokacin tashi. Waya ta kwana a ɗakin iyaye, ta manya ma in da hali, don mu ma ba tsira muka yi ba, sallar asuba tana ba da shaida.

Malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya, da ladabi nake roƙo. Idan aka ce fim duka haram ne aka tsaya nan, mai sauraro zai ce na'am a masallaci, ya koma gida ya ci gaba, ya kuma koyi ɓoye muku. Amma in aka ce ga abin da yake ɓarna a fim kaza, ga dalili, ga kuma wanda ya yi ƙoƙari, an ba shi ma'aunin da zai yi aiki da shi ko ba kwa nan. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa an mai da shi fim a 1976, Adamu Halilu ya ba da umarni, labarin bauta da ilimi da uwa mai neman ɗanta. Na'urar da ta ɗauki wannan ita ce take ɗaukar shirme.

Ku kuma 'yan fim, ku rage fakewa da kalmar faɗakarwa. A yi awa biyu ana ƙawata ɓarna da kiɗa da kwalliya, sai saura minti biyar a kawo malami da carbi ya yi nasiha, mugu ya fashe da kuka ya tuba. Mai kallo ba yaro ba ne, kuma yaron ma ya san wane ɓangare ya fi daɗi. In nishaɗi kuke sayarwa ku ce nishaɗi ne, sana'a ce, ku kyautata ta.

Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, dole in taɓa ta. Mutum zai kalli fim bai ji daɗinsa ba, maimakon ya ce labarin ya yi rauni ko ƙarshen bai gamsar ba, sai ya hau Facebook ya yi wa jarumar ƙazafi, ya zagi iyayenta. 'Yar wani ce, kuma ƙazafi ba ya halatta don an yi shi a waya. Ka soki aikin iyakar son ranka, ka bar mata mutuncinta.

Masu zuwa sababbin gidajen silima irin wanda aka buɗe a Ado Bayero Mall, ku ne za ku sa a ci gaba da kallon wurin da tsohon ido ko a sauya. Ka je da matarka da yaranka, ka zaɓi lokacin da ba zai ci maka salla ba, ka duba ko fim ɗin ya dace da shekarun yaran. Kada ka ɗaga waya kana naɗar allo don ka riga kowa sakawa, wannan sata ce ko da ka sayi tikiti.

Batun sata kuwa ya shafe mu duka. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai da ta riƙe masana'antar nan ta durƙushe, domin mun saba da a tura mana fim goma a kan kuɗin da bai kai na ƙosai ba, ba ko kwabo da zai koma hannun wanda ya zuba jarinsa. Wanda ya kashe miliyoyi ya yi fim na tarihi ko na tarbiyya ya tafka asara, ba zai sake ba. Zai koma YouTube inda yawan masu kallo ne yake kawo kuɗi, kuma ya riga ya gane abin da muke rububin dannawa: faɗan kishiyoyi, rawar biki, da hoton da aka zaɓa don ya tsokano ido. Duk dannawar da ka yi ana ƙirgawa, da ita ake yanke shawarar irin fim ɗin da za a yi wa 'ya'yanka baɗi. In ka ga aiki mai kyau, ka kalle shi a tashar mai shi, ka biya in ana biya, ka kuma gaya wa maƙwabcinka.