Haraka da Sukuni a Hanyar Gummi

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure, a Anka ko Gummi ko wani gari na ƙasar Zamfara, ya buɗe Ummul Barahina ta Shehu Muhammadu Sanusi, mutumin Tilimsana wanda ya rasu a shekarar 1490 ta Miladiyya, zai tuna ranar da karatu ya kawo shi ga hujjar da malaman tauhidi suka kafa a kan cewa duniya fararriya ce, tana da mafari. Hujjar kuwa a kan motsi aka gina ta. Suka ce kowane jiki, ƙanƙane ko babba, ba ya rabuwa da ɗayan hali biyu, ko haraka, watau motsi, ko sukuni, watau rashinsa. Halayen nan kuma muna ganinsu ƙuru-ƙuru suna zuwa suna gushewa, saboda haka fararru ne. Abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne, fararre kuwa ba makawa yana da Wanda ya fare shi. Na karɓi wannan bayani tun ina yaro da zuciya ɗaya. Sai da na girma wata tambaya ta shiga ci mini rai, watau shin akwai sukuni na haƙiƙa a duniyar nan, ko kuwa suna ne kawai muka laƙaba wa motsin da ba mu ji?

A cikin mota tambayar ta same ni. Mun taso daga Anka mun nufi Gummi, kusa da ni akwai wata Bafillatana da ƙwaryar nono a cinya, faifan da ta rufe da shi ya ɗan goce har ina hangen fuskar nonon. Muddin hanya ta miƙe, direba kuma ya riƙe gudunsa bai ƙara ba bai rage ba, nonon nan kwance yake lamo kamar a tsakar ɗaki aka ajiye shi, alhali itatuwa suna ta shuɗewa ta taga. Da muka doshi Daki Takwas direba ya taka birki, sai nono ya yunƙuro gaba har ya lashi bakin ƙwarya, da direban ya karya kwana kuma sai nonon ya kwanta gefe guda. Matar ta dafe faifai da hannu biyu, ta ce, "Direba, don Allah a yi sannu, kada ka zubar mini da jarina." Ashe nonon nan ba ruwansa da gudun da muke yi komai yawansa, sauyin gudun kaɗai ke taɓa shi.

Masana kimiyya sun rarrabe abubuwa uku waɗanda mu muke haɗawa cikin kalmar gudu. Na fari sauri ne, watau nisan da aka ci a cikin lokacin da aka ɗauka, kamar a ce kilomita 60 a awa. Sai saurin da aka haɗa da fuskar da aka dosa, wanda na fi so in kira shi gudu mai alƙibla, kuma ba wanda ya fi masu fito a Gulbin Zamfara saninsa. Idan gulbi ya kawo da damina, mai jirgi a Gummi ba ya saita hancin jirginsa ga mashigin da yake so ya sauka, sai ya karkata shi wajen da ruwa ke fitowa, domin ya san tuƙinsa na kai shi wata fuska, ruwa na jansa wata, jirgi kuwa tsakanin biyun zai bi. Na ukun shi ne sauyin wannan gudu mai alƙibla, ko ta ƙari, ko ta ragi, ko ta juyawa, shi ya sa mota a kan kwana take cikin sauyi ko da allurar da ke gaban direba ba ta gusa ba.

An daɗe kafin a gane muhimmancin na ukun nan. Aristotal, malamin Yunanawa, ya ɗauka abin da aka tura ba ya ci gaba da tafiya sai da mai tura shi a kowane lokaci. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya saɓa masa, ya ce dutsen da aka jefa yana karɓar wani karkata daga hannun majefi, abin da ya kira maili, wanda ba ya ƙarewa da kansa sai wani abu kamar iska ya tare shi. Bayan ƙarnoni Galiliyo na Italiya ya auna gangarowar ƙwallo a kan katako ya buga sakamakonsa a 1638, sa'an nan Niyuton na Ingila ya tsara ƙa'idar a 1687: jiki yana dawwama a halin da yake, ko tsaye ko tafe a miƙe da sauri ɗaya, har sai wani ƙarfi daga waje ya sauya shi.

To, a nan ne tambayata ta yi nauyi. Limamin da ya tsaya a masallacin Juma'a na Anka, ya natsu har kowace gaɓa ta koma mazauninta kamar yadda fiƙihu ya shar'anta, a daidai wannan lokaci ƙasa tana ɗauke da shi tana kewaya rana da saurin kimanin kilomita 30 a kowace daƙiƙa, tana kuma juyawa da shi wajen gabas fiye da kilomita 1,600 a awa, shi kuwa bai ji komai ba, domin sauyin da ke cikin wannan tafiya ƙanƙane ne ƙwarai. Sukuninsa gaskiya ne idan aka danganta shi da tabarmar da yake kai, amma idan aka danganta shi da rana, matafiyi ne wanda ba dokin da zai cim masa.

Na daɗe ina tsoron kada wannan ya raunana hujjar da na koya a zaure, har Allah ya sa na lura cewa hujjar ba ta rataya ga samuwar wani sukuni cikakke ba, ta rataya ne ga tagayyuri, watau sauyawar hali bayan hali, da kuma cewa jikin da ya yiwu ya kasance haka ya kuma yiwu ya kasance akasin haka yana bukatar Mai keɓance shi da ɗayan biyun. Ba na cewa Niyuton ya tabbatar da tauhidi, domin ƙarfin da yake magana a kai shi ma halitta ne, kuma malamanmu Ash'arawa sun karantar da mu cewa sababi ba ya da tasiri da kansa, al'ada ce Allah ya gudanar. Iyakar abin da nake cewa shi ne, duka makarantun biyu sun tsaya a wuri ɗaya suna kallo, wurin da hali ke sauyawa, kuma dukansu sun ƙi yarda cewa jiki yana sauya kansa da kansa.

Al'adar nan kuwa, tun da Allah ya gudanar da ita ba ta saɓawa a hannunmu, saninta yana cikin kiyaye rai, wanda shari'a ta sa cikin manyan manufofinta. Abin da ya faɗo daga sama saurinsa yana ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, a Italiya haka, a ramukan haƙar zinariya na Bagega da ƙauyukan Bukkuyum ma haka. A daƙiƙar farko bai cika mita 5 ba, a ƙarshen ta biyu ya kusa mita 20. Dutsen da bai fi dunƙulen hannu ba, wanda yake kwance a bakin rami cikin abin da muke kira sukuni, yaro ma ya iya ɗaukarsa ya yi wasa da shi, idan ƙafar mai jan igiya ta ture shi a ramin da zurfinsa ya kai mita 20, zai isa ƙasa da saurin kimanin kilomita 70 a awa, saurayin da ke can ƙasa kuwa yana sunkuye da fitila a goshi, ba kowane lokaci ne zai ji kiran da aka ƙwala masa daga sama ba.