Tsohuwar Sarewa: A Busa Ko A Adana?

A ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka da ke Washinton akwai sarewa da danginta kusan 1,700, waɗanda Dayton Miller ya yi wasiyya da su, aka karɓa a 1941. Cikinsu har da wadda Quantz ya ƙera wa Sarki Farederik na Furusiya. Masu busa da dama suna ganin kulle irin waɗannan kaya zalunci ne, tunda don a ji muryarsu aka sassaƙa su. Ni kuwa ina ganin shirun nan riƙon amana ne.

Hujjar tana cikin ƙirarsu. A ƙarshen ƙarni na 17, zamanin iyalan Hotteterre a Faransa, aka fara yin sarewa gaɓa uku, ramin cikinta yana tsukewa zuwa ƙasa, da ƙofofin yatsa shida da maɓalli ɗaya. Daidaiton sautinta ya rataya ne ga faɗin ramin nan, ko kaɗan ya sauya sai muryar ta kauce. Numfashin mutum kuwa ɗumi ne da laima. Itacen da ya shekara 300 a bushe, in ya sha laima, ciki ya kumbura alhali waje na ƙandare, sai ya tsage. Daɗin sa'a guda ke nan ya cinye shaidar da ba ta da madadi.

Za a ce sarewar da ba a busawa ta tashi daga sarewa, ta koma sanda. Maganar tana da nauyi, amma ta manta cewa tsufa ya riga ya motse itacen, ya karkatar da ramin, don haka abin da kunnenmu zai ji yau ba shi Quantz ya ji ba. Masassaƙan zamani suna auna tsofaffin dalla-dalla, su fitar da sababbi masu jure numfashi. A bakin waɗannan ne muke jin halin tsohuwar busa, wani sauti garau, wani a dusashe, bambancin da sarewar ƙarfe ta Boehm ta 1847 ta shafe. Kowace sabuwa kuwa daga tsohuwa take ɗaukar karatu.

Abin da muka gada ba namu ba ne mu kaɗai. Wanda za a haifa nan da shekara 100 yana da haƙƙin ya auna da hannunsa, wataƙila ma ya gano abin da ya kuɓuce mana. Ba mu da ikon kashe masa wannan haƙƙi don mu ji daɗin kunnenmu.